Yadda ake auna yanayin koyo a ɗakin tiyata daga bakin likitoci masu neman ƙwarewa a aikin sa barci

Koyon aikin sa barci ya sha bamban da koyon sauran fannonin likitanci. A sashen yara ko na cututtukan ciki, tawaga guda ce ke zagayen marasa lafiya, kowa na jin abin da babban likita ya faɗa wa na ƙasa da shi. A ɗakin tiyata kuwa mutum biyu ne ke tsaye wajen kan majinyaci, bayan ƙyallen da ya raba su da masu yanka: mai koyo da wanda ke duba shi, in ma yana nan. Abin da ya gudana tsakaninsu ba kowa ke gani ba. Shugaban sashe zai iya shekara yana sa hannu a jadawalin aiki bai san akwai ɗakin da yaransa ke shiga gabansu na faɗuwa ba, bai kuma san akwai daren da ake barin ɗan shekarar farko shi kaɗai da mai naƙuda da jijjiga ta kama ba.

Abin ya wuce batun jin daɗin masu koyo. Idan bututun numfashi ya ƙi shiga, iskar oksijin ta fara sauka a jinin majinyaci, mintuna kaɗan ne tsakanin tsira da lalacewar ƙwaƙwalwa. A cikin waɗannan mintuna, abin da ke sa ƙaramin likita ya kira na gaba da shi, ko ya sake gwadawa karo na uku shi kaɗai, shi ne yadda yake tsammanin za a karɓe shi. Wanda ya saba shan tsawa da gori zai jinkirta. Ga kuma ƙarancin masu aikin. Ƙungiyar WFSA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin likitocin sa barci na duniya, ta ba da shawarar a samu aƙalla likitan sa barci 5 ga kowane mutum 100,000, kuma ƙidayar da ta wallafa a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ko 1 ba. Duk mai koyo da ya gaji ya sauya fanni ko ya bar ƙasar, giɓi ne da za a daɗe ba a cike ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga yadda ake tambayarsa ta hanyar da amsar za ta yi amfani.

Mataki na farko: ku san abin da za ku yi da amsar

Kafin a buga takardar tambayoyi ko ɗaya, ku zauna da shugaban sashe da mai kula da shirin horaswa ku tsayar da dalilin aikin. Dalilai uku aka fi samu. Wani na son gyara sashensa. Wani na shirin zuwan masu tantancewa daga Kwalejin Horas da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko daga Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, waɗanda su ne ke amincewa da asibiti ya horas. Wani kuma kundin bincikensa na jarrabawar kashi na biyu, wato ta ƙarshen horo, yake nema. Duk halal ne, amma kowanne da tsarinsa. Mai gyaran sashe yana buƙatar sanin wace jimla ce ta faɗi. Mai bincike yana buƙatar asibitoci da yawa da adadi mai kauri.

Ku nemi alkawura biyu daga shugabanni, a rubuce in da hali: za a nuna wa masu koyo sakamakon gaba ɗaya, mai daɗi da marar daɗi, kuma za a ɗauki mataki a kan aƙalla abu biyu ko uku. Idan ba za a samu waɗannan ba, shawarata ita ce a dakata. Wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya sannan ya ga an jefa takardun a durowa, in aka dawo baɗi ba zai ɓata tawadarsa ba.

Kada shugaban sashe ya jagoranci aikin da kansa, komai kyawun niyyarsa. Ku haɗa ƙaramin kwamiti: mai koyo ɗaya da 'yan uwansa suka zaɓa, babban likita ɗaya da aka san ba shi da riƙo, da wani daga wajen sashen, misali daga sashen lafiyar al'umma, wanda zai riƙe amsoshin ya yi lissafi.

Mataki na biyu: zaɓen ma'auni

Kada ku zauna ku ƙirƙiro tambayoyi daga kanku alhali akwai waɗanda aka gwada. Yawancin sanannun ma'aunai sun fito ne daga cibiyar ilimin likitanci ta Jami'ar Dundee a Birtaniya, inda Sue Roff da abokan aikinta suka fitar da DREEM a 1997. DREEM na da jimloli 50 da mai amsa ke nuna ko ya yarda da su ko bai yarda ba, an kuma yi shi ne don ɗaliban da ba su gama makarantar likitanci ba. Tambayoyinsa sun karkata ga aji da lacca, don haka bai dace da likitan da ke kwana a asibiti yana ɗauke da nauyin majinyaci ba. Ku bar shi.

Biyu ne suka fi kusa da buƙatarku.

ATEEM shi ne wanda Holt da Roff suka wallafa a mujallar Medical Teacher a 2004, musamman don masu koyon sa barci a ɗakin tiyata. Jimlolinsa 40 ne, maki mafi girma 160, an kasa shi gida biyar: 'yancin yanke hukunci gwargwadon matakin mutum, yanayin mu'amala a ɗakin, nauyin aiki da sa ido da tallafi, malamai da koyarwarsu, sai damar koyo da yadda ake fuskantar da mutum gare ta.

PHEEM kuwa, wanda Roff da McAleer da Skinner suka wallafa a 2005, na duk masu neman ƙwarewa ne a kowane fanni. Shi ma jimloli 40 ne da maki 160, a gida uku: 'yancin aiki mai jimloli 14, koyarwa mai 15, da tallafin zamantakewa mai 11. Yana taɓa abubuwan da ke wajen ɗakin tiyata, irin su ɗakin kwanan masu aikin dare, abinci, tsaron lafiyar ma'aikaci a harabar asibiti, da ko ana iya faɗin kuskure ba tare da an ɗora wa mutum laifi ba.

Akwai wasu. MATE, wanda Sidhu da Clissold na New Zealand suka fitar a 2018, na fannin sa barci ne kuma jimlolinsa 33. D-RECT daga Holan ya fito, a 2011, shi ma na masu neman ƙwarewa ne gaba ɗaya.

Idan damuwarku ita ce abin da ke faruwa tsakanin mai koyo da malaminsa a kan majinyaci, ku ɗauki ATEEM. Idan koke-koken da kuke ji sun fi yawa a kan aikin kwana da wurin hutawa da yadda asibiti ke ɗaukar ƙananan likitoci, ko kuna son kwatanta sashenku da na tiyata da na mata, PHEEM ya fi. Kada ku haɗa biyun a zama ɗaya. Mutumin da ya fito daga tiyatar sa'a shida ba zai karanta jimla 80 da hankali ba. Daga ta talatin zai fara jera amsa iri ɗaya har ƙasa. Ku samo asalin maƙalar da aka wallafa ma'aunin a ciki, kada ku dogara da kwafin da wani ya sake bugawa a kundinsa, domin a nan ne jimloli ke ɓacewa ko su canza lamba.

Mataki na uku: daidaita shi da wurinku

An rubuta ATEEM da PHEEM ne don asibitocin Birtaniya, kuma alamar hakan na nan a jikinsu. A PHEEM akwai jimlar da ke tambaya ko sa'o'in aikin mutum sun dace da wata yarjejeniya da aka ƙulla a Birtaniya a 1991 kan lokutan aikin ƙananan likitoci. Likita a Zariya ko Sakkwato ba ruwansa da ita, sai a mayar da jimlar ta koma kan ƙa'idar sa'o'in aiki da asibitinku ya shimfiɗa. Akwai wadda ke magana kan kiran mutum da ƙaramar na'urar kira ta aljihu ba bisa dalili ba; a wurinmu wayar hannu ce. Akwai ta wariyar launin fata, wadda a nan za ta fi ma'ana idan ta tambayi nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jihar da mutum ya fito.

Ƙa'idar ita ce a canza kalma, a bar manufa. Ku rubuta duk canjin da kuka yi, don wanda zai karanta rahoton ya san abin da aka tambaya. Kada ku cire jimla don tana da nauyi a baki, kada kuma ku sa sabuwa a tsakiyar ma'aunin, domin jimillar maki za ta daina daidaituwa da ta kowa.

Abubuwan da suka shafe ku amma ma'aunin bai taɓa ba, ku ware musu shafi dabam da ba ya shiga lissafi. Ɗaukewar wuta ana tsakar aiki, ƙarewar iskar oksijin ko magani har a soke tiyata, rashin na'urar da ke nuna iskar da majinyaci ke fitarwa, duk suna rage abin da mutum zai koya. Ku kuma tambayi alaƙar masu koyo da ma'aikatan jinya masu sa barci. A asibitoci da dama su ne suka fi daɗewa a ɗakin, sabon likita kuma kan koyi allurar baya da yawa a hannunsu, ko da takarda ba ta kira su malamai ba. A ƙarshe ku sa tambayoyi uku da mutum zai amsa da kalmominsa: me ya kamata a ci gaba da yi, me ya kamata a daina, me za ka fara gyarawa da kai ne shugaba.

A Najeriya da Gana da Turanci ake horas da likitoci, don haka a bar takardar da harshenta. A Nijar da Chadi, inda Faransanci ne harshen karatun, sai mutum biyu su fassara kowa daban, a haɗa, sannan wani na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci a kwatanta.

Kafin rabawa, ku gwada da mutum uku zuwa biyar, su karanta da ƙarfi suna faɗin abin da suka fahimta da kowace jimla. Ku nemi waɗanda suka gama horo kwanan nan, don kada ku cinye masu amsawarku tun a gwaji.

Mataki na huɗu: izini

Ku kai takardar neman amincewa ga kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, ko da gyaran cikin gida kawai kuke nufi. Sau da yawa daga baya ake sha'awar wallafa sakamakon, kuma kwamitoci ba sa ba da izini a kan aikin da aka riga aka gama. A shafin farko ku bayyana cewa amsawa ba dole ba ce, kuma ƙin amsawa ba zai taɓa matsayin kowa ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta hau kan duk abin da za ku tattara wanda zai iya nuna mutum.

Mataki na biyar: ɓoye mai amsa

A nan aikin ke tsayuwa ko ya rushe, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Ku tuna waye mai amsawar. Babban likitan da ake tambayarsa a kansa shi ne ke sa hannu a littafin da yake rubuta ayyukan da ya yi, shi ke cewa ya isa ya zauna jarrabawa, shi zai rubuta masa takardar shaida gobe. Tarbiyyarmu kuma ba ta sakar wa ƙarami baki ya kushe malaminsa ba, ko a bayan ido. Idan yana da ɗan shakku cewa za a gane shi, zai cika takardar da "na yarda" daga sama har ƙasa, ku samu maki mai kyau wanda bai faɗa muku komai ba.

Cire suna kaɗai bai isa ba. A ce sashenku na da masu koyo 18, kuka tambayi jinsi da shekaru da shekarar horo da matsayin aure. Mace ɗaya ce mai aure a shekara ta huɗu; kun rubuta sunanta ke nan ba da saninku ba. Ku taƙaita tambayoyin bayanin kai zuwa abin da ba makawa. A ƙaramin sashe tambaya ɗaya ta wadatar: kafin jarrabawar kashi na ɗaya kake ko bayanta. Idan kuna son sanin ko mata na fuskantar wani abu dabam, kuma ya kamata ku so, to ku tambayi jinsi amma kada a taɓa haɗa shi da matakin horo a teburi ɗaya. Ku kafa doka tun farko cewa ba za a fitar da sakamakon rukunin da bai kai mutum 5 ba.

Idan da takarda za ku yi, ku raba biro iri ɗaya, ku ajiye akwati a kulle a wurin da ba a gaban ofishin shugaba ba, mabuɗin kuma a hannun mutumin nan na wajen sashe. Rubutun hannu na tona asiri. Mutanen da ke karanta takardun juna kullum sun san hannun kowa. Don haka shi ɗin zai sake buga amsoshin a kwamfuta, ya goge duk abin da zai nuna mai maganar, kamar ranar wani aiki ko irin majinyacin, kafin kowa ya gani.

Idan ta intanet ne, da Google Forms ko KoboToolbox ko REDCap, ku kashe karɓar adireshin imel. Ku lura kuma cewa manhajar na rubuta lokacin da kowace amsa ta shigo. Amsar da ta zo ƙarfe uku na dare, duk wanda ya duba jadawalin aikin kwana zai iya cankar mai ita. A share wannan layin kafin a miƙa bayanan. Kada a buɗe fom ɗin da akawun na shugaban sashe ko na sakatarensa.

Batun ambaton sunayen malamai kuwa, ku faɗa a fili cewa wannan takarda yanayin sashe take aunawa. Wanda ke da ƙorafi a kan wani mutum, musamman na cin zarafi ko neman lalata, ku rubuta masa a ƙasan shafin inda zai kai shi a asirce. Idan babu irin wannan hanya a asibitinku, ku samar da ita kafin ku raba takardar, domin tambayar za ta tayar da abin da dole a samu mai karɓarsa.

Mataki na shida: lokaci da rabawa

Kwalejojin biyu na yin jarrabawa sau biyu a shekara. Ku guji makonnin da ke gabanta da na fitowar sakamako. Ku guji lokacin yajin aiki da makonnin da ke biye da shi, domin fushin da ake yi da gwamnati zai zubo cikin amsar da ta shafi sashe. Wanda bai yi wata uku a wurin ba bai gama ganin komai ba, ku bar shi sai zagaye na gaba. Masu zagaye a wani sashe ko wani asibiti, ku gaya musu a sarari wane wuri suke aunawa.

Tunda adadin kaɗan ne, kowa za a tambaya, babu zaɓe. Hanya mafi sauƙi ita ce a ware minti 20 a ƙarshen taron ilimi na mako, manyan likitoci su fita, a cike a nan take. Waɗanda ke tiyata ko suka sauka daga aikin kwana a ba su mako biyu, wakilinsu ya tuna musu sau biyu ta WhatsApp. Ku rubuta mutum nawa aka ba, nawa suka dawo da ita. Idan rabi ne kawai suka amsa, ku yi hattara da sakamakon, domin mai yiwuwa waɗanda suka yi shiru su ne suka fi gajiya ko suka fi tsoro. Wani bincike da aka yi a Holan a 2007 ya nuna ana buƙatar amsoshin masu neman ƙwarewa kamar 11 kafin makin PHEEM na sashe guda ya zama abin dogaro. Idan ba ku kai haka ba, ku ɗauki lambobin a matsayin manuniya, ku ba tattaunawa ƙarfi.

Mataki na bakwai: lissafi

Kowace jimla na da zaɓi biyar: na yarda ƙwarai 4, na yarda 3, ba ni da tabbas 2, ban yarda ba 1, sam ban yarda ba 0. Ku shigar a Excel, kowane mutum layi ɗaya, kowace jimla ginshiƙi ɗaya, wani kuma ya sake duba shigarwar.

Abu na farko shi ne juya jimlolin da aka rubuta a kaikaice, waɗanda yarda da su alama ce ta matsala. A PHEEM guda huɗu ne: ta 7, ta 8, ta 11 da ta 13, wato wariya, sa mutum aikin da bai dace da shi ba, kira ba bisa dalili ba, da bambancin jinsi. Ana cire makin daga 4: wanda ya ba da 4 ya koma 0, mai 3 ya koma 1. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yana sa sashen da ake nuna bambanci ya samu ƙarin maki saboda bambancin. A ATEEM ma ku bi asalin maƙalar ku gano irinsu. Inda mutum ya tsallake jimla, a bar gurbin fanko, kada a sa sifili, domin sifili amsa ce.

Sai jimilla. Jagorar PHEEM ta kasa ta huɗu: 0 zuwa 40 yanayi ne mai muni ƙwarai, 41 zuwa 80 matsaloli sun yi yawa, 81 zuwa 120 alheri ya rinjayi sharri amma akwai gyara, 121 zuwa 160 madalla. Ku rubuta taku, amma kada ku daɗe a kanta. Zangon na uku na da faɗi, sashe zai iya faɗawa cikinsa alhali ana barin yara su kaɗai da dare, saboda wasu jimlolin masu kyau sun rufe wannan. Don kwatanta ɓangarorin ma'aunin da juna, ku mayar da kowanne kashi cikin ɗari, tunda yawan jimlolinsu ba ɗaya ba ne.

Amfanin na cikin jimloli ɗaya bayan ɗaya. Ku fitar da matsakaicin kowacce ku jera daga ƙasa zuwa sama. Ana aron ƙa'idar DREEM a nan: 2 ko ƙasa da haka wurin matsala ne, 3.5 zuwa sama ƙarfi ne na gaske, tsakani kuma ana iya ingantawa. Amma matsakaici na ɓoye abu. A ce mutum 16 sun amsa jimlar da ke cewa akwai mai duba ni idan na buƙata, matsakaicin ya fito 2. Zai yiwu dukansu ba su da tabbas. Zai kuma yiwu 8 sun ba da 4, 8 sun ba da 0. Na biyun labari ne dabam, kuma ya fi kama da aikin sa barci, inda rabon mutum ya danganta da wanda aka haɗa shi da shi a jadawali. Saboda haka kusa da kowane matsakaici ku rubuta mutum nawa suka yarda, nawa suka ƙi.

Jimlolin wariya da cin zarafi ba a karanta su da matsakaici. Mutum biyu cikin ashirin su ce ana yi, ya isa a tashi tsaye.

Masu bincike za su so lissafin alfa na Cronbach, wanda ke nuna ko jimlolin na tafiya tare, 0.7 zuwa sama ake nema. Ku sani ma'auni mai jimla 40 kusan kullum yakan ba da alfa mai girma saboda tsawonsa, don haka ku lissafa na kowane ɓangare dabam. Wajen kwatanta rukuni biyu masu ƙaramin adadi, gwajin lissafi mai suna Mann-Whitney ya fi dacewa. Kada ku yi ta gwaje-gwaje a kan jimla 40 kuna neman wadda za ta nuna bambanci. Ko ba komai, sa'a kaɗai za ta ba ku ɗaya ko biyu.

Mataki na takwas: ku ji dalili

Lamba za ta nuna muku inda ciwon yake, ba za ta faɗi sababinsa ba. Ku ɗauki jimloli biyar mafi ƙarancin maki ku kai su zaman tattaunawa na sa'a ɗaya, mutum shida zuwa takwas, 'yan matakin farko dabam, na gaba da su dabam, domin wani lokaci wanda ke takura wa ƙaramin ba babban likita ba ne, wanda ya girme shi da shekara biyu ne. Mutumin wajen sashe ne zai jagoranta. Kada ya tambayi wa ya ba da sifili. Ya ce: wannan jimla ta samu maki kaɗan, a ganinku me ke jawo haka?

Ƙarancin maki a kan samun gyara daga malami, alal misali, na iya nufin ba a cewa komai bayan aiki, ko ana faɗa amma a gaban masu yanka da ma'aikatan jinya cikin faɗa, ko kuwa jerin tiyatar ya yi tsawon da babu mai sararin magana. Maganin kowanne dabam ne. Ku kuma gwada abin da aka faɗa da takardun da ke hannu: jadawalin aikin kwana na wata uku, littattafan ayyukan masu koyo, da yawan ranakun da babban likita ke cikin ɗaki.

Mataki na tara: mayar da sakamako da sake aunawa

Kada ya wuce wata ɗaya zuwa mako shida. Ku fara zama da manyan likitoci su kaɗai, ku soma da abin da aka yaba, domin su ma mutane ne da ke aiki cikin ƙaranci, wani shi kaɗai ke duba ɗakuna uku a lokaci guda. Wanda ya fara tambayar wa ya rubuta wannan, a tuna masa alkawarin da aka ɗauka. Bayan kwana kaɗan a gabatar wa kowa da kowa, da lambobi iri ɗaya, ba tare da an tace ba.

Ku raba matsalolin gida biyu. Akwai waɗanda sashe zai iya gyarawa ba da ko kwabo ba: minti biyar kafin fara jerin tiyata a tambayi mai koyo abin da yake son koya yau, minti biyar bayan an gama a gaya masa abin da ya yi daidai da wanda zai gyara, a rubuta sunan babban likitan da za a kira a allo kowane dare, a fayyace irin majinyatan da ɗan shekarar farko ba zai fara ba sai da na gaba da shi a ɗakin. Akwai kuma waɗanda sai hukumar asibiti, kamar ɗakin kwana da abinci da kayan aiki. Waɗannan a rubuta su a kai da lambobin a haɗe. Daga kowane gida ku zaɓi abin da za ku iya, a sa sunan mai alhaki da ranar da za a duba, a manna a ɗakin taro.

Bayan wata 12 ku maimaita da ma'auni ɗaya, da kalmomi ɗaya, a irin lokacin. Ku kwatanta jimlolin da kuka yi aiki a kansu, ku tuna cewa wasu masu amsar sun gama sun tafi, sababbi sun shigo. Idan maki ya sauka a zagaye na biyu duk da gyaran da aka yi, ku duba yawan waɗanda suka amsa da tsawon abin da suka rubuta da kalmominsu kafin ku yanke hukunci. Idan duka biyun sun ƙaru, mai yiwuwa waɗanda suka yi taka-tsantsan bara ne suka ga ba a taɓa kowa ba suka saki baki, sai ku ɗauki makin shekara ta biyu a matsayin tushen da za ku riƙa kwatanta na gaba da shi.